Malamin da ya fi yawan ambato a Google Scholar shi zan zaɓa ya duba min aiki?

Ummu Aboabo:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina na wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema kafin ƙarshen wata, dan an ce kowa ya miƙa sunan malamin da yake so ya duba masa aikin bincike. Ni nas ce a nan Kumasi, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma abinda nake son yin bincike a kai shi ne ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa, musamman matanmu na zango, Aboabo da Sawaba da Asawase da Tafo, saboda a wurin awon jarirai ina ganinsu, mace ta haihu lafiya, yaro lafiya, amma ita ba barci ba cin abinci sai kuka, a gida kuma a ce iska ce ko a ce rashin godiyar Allah ne, har a gama arba'in ba wanda ya tambaye ta me ke damunta.

Malamai biyu ne a sashenmu suke da kusanci da wannan batu. Na farko farfesa ne, da na buɗe shafinsa na Google Scholar, inda ake jera takardun binciken masana da yawan ambatonsu, wallahi sai da na riƙe baki, ambato ya haura dubu 20, takardu kuma sai jan shafi kake ba su ƙarewa, zazzaɓin cizon sauro yana ciki, hawan jini yana ciki, haɗarin mota, korona, damuwa, komai da komai. Ta biyu dokta ce ta fannin halayyar ɗan Adam, nata ambaton bai kai 1,000 ba, takardunta ma ba su da yawa, amma kusan duka a kan lafiyar ƙwaƙwalwar mata masu ciki da masu jego ne a nan Ghana.

Ƴan ajinmu duk rububin farfesan suke, wai sunansa kaɗai ya isa ya buɗe maka ƙofar karatu a waje. Tambayata ita ce wannan lambobin me suke nufi ne a zahiri, musamman wanda ake rubuta h a gabansa, kuma za a iya dogara da su a ce wane ya fi wance sanin aiki? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a laburaren jami'a nake aiki, irin wannan tambayar kusan kullum sai an kawo mana ita, lakcarori masu neman ƙarin girma ma sun fi ɗalibai kawowa.

Ambato shi ne duk lokacin da wani mai bincike ya rubuta takarda ya sa takardarki a jerin abinda ya kafa hujja da shi, to an ƙirga miki ɗaya. Ma'aunin h kuma wani masanin fiziks ne a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005, dan a haɗa yawan takardu da yawan ambato a lamba guda. Ki jera takardun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce yana da takardu 7, an ambace su sau 40, 18, 9, 6, 5, 2, ta ƙarshe ko ɗaya babu. Ta biyar tana da 5, ta shida ba ta kai 6 ba, to h ɗinsa 5 kenan. Kinga ko da ta farkon nan za ta tashi daga 40 ta koma 4,000, h ɗinsa yana nan a 5 bai motsa ba. Kuma lamba ce da ba ta sauka, ko mutum ya yi ritaya ko ya rasu ma sai dai ta ƙaru, shi ya sa gwada dattijon da ya shekara 30 yana aiki da wadda ta gama dokta jiya jiya zalunci ne tun daga tushe. Akwai kuma i10 da za ki gani a ƙasansa, wannan na Google ne kawai, yawan takardun da aka ambata aƙalla sau 10.

Sannan mutum ɗaya lambarsa ba ɗaya ba ce a ko'ina. Google Scholar yana kwasar komai, kundin ɗalibai, rahoton ƙungiyoyi, takardar da ba a ma tantance ba, duk abinda ya yi kama da rubutun ilimi a intanet. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate su mujallun da suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa, dan haka lambar mutum a can kan fi ƙanƙanta, wani lokacin da nisa.

Amma abinda nake so ki yi yau ɗin nan shi ne ki koma shafin farfesan ki danna takardu goman da ke sama ɗaya bayan ɗaya ki duba sunayen marubuta. Yadda kika ce yana da komai da komai ɗin nan, ina kyautata zaton za ki tarar da takardun Global Burden of Disease, wani gagarumin aiki ne da cibiyar IHME ta Jami'ar Washington a Seattle ke jagoranta, ana buga shi a mujallar likitanci ta Lancet, takarda ɗaya sai ki ga marubuta ɗaruruwa, wata ma sama da 1,000, kuma ana ambatarsu sau dubbai saboda duk wanda zai fara rubutu a kan wata cuta daga nan yake ɗauko alƙaluman duniya. Google kuwa ba ya rabawa, kowane ɗaya daga cikinsu ana zuba masa ambaton gaba ɗaya. Kamar allon sunayen waɗanda suka taimaka aka gina masallaci ne, wanda ya kawo buhun siminti ɗaya da wanda ya yi rufin duka layi ɗaya ɗaya suka samu. Ban ce laifi ba ne shiga wannan aiki, aiki ne mai amfani, amma ba zai gaya miki ko mutum zai iya zama da ke ya gyara miki babi na uku ba. A fannin lafiya sunan farko yawanci shi ya yi wahalar aikin, sunan ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta, to ki ƙirga takardun da yake ɗaya daga cikin biyun nan, kuma a kan batunki.

Ɗan Nima a Jamus:

Baban Sadiya duk abinda ka faɗa gaskiya ne amma kar mu sa yarinya ta raina suna. Ni ina dokta a nan, kuma na ga yadda ake tace masu neman tallafin karatu, wasiƙar shaida daga wanda suka san sunansa ba ɗaya take da ta wanda sai sun bincika ba, haka duniyar take ko muna so ko ba ma so. Kuma mai manyan lambobi sau da yawa shi ne mai kuɗin bincike, shi ake gayyata taro, shi ke da abokan aiki a Landan da Amsterdam, ɗalibinsa kan samu kuɗin zuwa fili da na buga takarda, kin san wasu mujallun sai an biya dala 2,000 ko 3,000 kafin su saki takarda kowa ya karanta kyauta, ki juya wannan zuwa sidi ki gani. Ana ta cewa an daina kallon lamba, akwai sanarwar DORA da aka yi a San Francisco tun 2012 cewa a bar auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, jami'o'i da yawa sun sa hannu, amma in an shiga ɗakin tantancewa har yanzu akwai mai buɗe shafin Scholar a wayarsa a ƙarƙashin tebur. In burinki fita waje ne ki yi lissafi da wannan.

Hajiya Dokta:

Ɗiyata sannu da ƙoƙari, batun da kika ɗauko ya daɗe yana neman mai shi. Ni likita ce, na yi koyarwa kuma na zauna a kwamitin jarrabawar ɗalibai, bari in ƙara a kan na ƴan uwana.

Tunda fannin halayyar ɗan Adam da lafiya kike magana, ki nemi labarin Hans Eysenck. Mutumin nan a Landan ya yi aiki, lokacin da ya rasu a 1997 yana cikin masana halayya da aka fi ambata a duniya baki ɗaya. Ya yi jerin takardu da wani abokin aikinsa Ronald Grossarth-Maticek suna cewa akwai irin halin mutum da ke jawo masa kansa ko ciwon zuciya, har ma wai da ɗan zaman nasiha ana kare mutum daga mutuwa, da alƙaluman da hankali ba zai ɗauka ba. Tun farkon shekarun 1990 wasu likitoci suke cewa abin nan da lauje cikin naɗi, ba a saurare su ba saboda girman suna, sai a 2019 King's College ta Landan ta yi bincike ta ce takardu 26 daga ciki ba abin dogaro ba ne, mujallu suka fara janye wasu. Duk tsawon shekarun nan ambato ƙaruwa yake yi. Haka takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, Lancet ta janye ta a 2010, amma har gobe ana ambatarta, da yawa dan su ƙaryata ta ne, kwamfuta kuwa ba ta san bambancin yabo da zagi ba, ɗaya kawai take ƙarawa. A 2015 ma wasu masana suka haɗu suka maimaita bincike 100 da aka buga a manyan mujallun halayya, 97 daga ciki sun ce sun samu sakamako mai ƙarfi a karon farko, da aka sake sai kusan kashi 36 cikin ɗari ne suka fito haka.

Ɗaya gefen kuma shi ya fi damuna. Wa ke ambatar wa? Yawancin masu rubutu a wannan fanni suna Amurka da Turai, wani bincike na Jeffrey Arnett a 2008 ya duba manyan mujallun halayya ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen yamma masu arziki suke, kashi 68 daga Amurka kaɗai. To wadda ta zauna da masu jego a Asante ko a arewa ta rubuta abinda ta gani, masu buƙatar kafa hujja da ita ba su da yawa, ba dan aikin ba shi da kyau ba, dan masu yin irinsa ne ƙalilan. Kuma akwai nau'in takardar da dama can ambato take ja, wato takardar da ta kawo ma'auni ko hanyar aiki. Tambayoyi 9 ɗin nan na gwajin damuwa, PHQ-9, da Kroenke da Spitzer da Williams suka fitar a 2001, duk wanda ya yi amfani da su dole ya ambace su, ke ma za ki ambace su, shi ya sa suke da dubun dubata.

In kina son ganin aikin da ya yi tasiri a ƙasar nan ki dubi Navrongo, can arewacin Ghana. Gwajin gidan sauro mai magani da Fred Binka da abokan aikinsa suka buga a 1996 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin ɗari, kuma tsarin CHPS da ke kai nas cikin ƙauyuka daga wani gwajin daban na Navrongo ya samo asali. Nan Kumasi ma an yi wani da ya shafe ki, COSIMPO, wanda Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, aka yi shi a Ibadan da Kumasi, aka haɗa ma'aikatan asibiti da masu maganin gargajiya da masu addu'a wajen kula da masu taɓin hankali, Lancet ta buga a 2020, waɗanda aka yi musu haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Irin wannan ana auna shi da abinda ya canza a asibiti da gidajen mutane, lambar ambato daga baya take zuwa.

Ɗan Nima ina jin maganarka, amma wasiƙar da babban mutum ya rubuta wa ɗalibar da bai san fuskarta ba layi huɗu ce, masu tantancewa kuma sun san irinta. Ummu, ki je laburare ko ma'ajiyar kundaye ta intanet ta jami'arku ki nemo ɗaliban da kowannensu ya duba a shekarun baya bayan nan, nawa suka gama a kan lokaci, nawa aka buga aikinsu da sunansu a farko. Ki samu biyu ko uku ki tambaye su a keɓe in sun tura babi yaushe yake dawowa, kuma da jan biro yake dawowa ko da "ci gaba" kawai.

Abu Sawaba:

Chale ni ba ɗan boko sosai ba ne amma wannan na taɓa karantawa, a 2010 wani Bafaranshe mai ilimin kwamfuta Cyril Labbé ya ƙirƙiri wani masani na ƙarya Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuto takardun shirme wajen 100 kowacce tana ambatar sauran, Google Scholar ya ba shi h 94, ya wuce Einstein a lokacin. Mutumin da ba a taɓa haifa ba fa. Anti Ummu Allah ya ba da sa'a, in kin zo tambayoyi Sawaba matan gidanmu suna nan.

Ummu Aboabo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Sadiya na duba kamar yadda ka ce, yawancin na saman irin masu tulin sunayen nan ne, sai da na yi ta nema kafin in ga nasa a tsakiya. Amma gaskiya yana da nasa na kansa masu kyau a kan hawan jini, damuwa ce dai guda biyu kacal na gani kuma ba shi ne a farko ko a ƙarshe ba. Hajiya na gode da COSIMPO, ban san da shi ba, kuma ya zo daidai dan matanmu wurin malam suke fara zuwa a yi musu rubutu da tofi kafin asibiti.

Sauran tambaya ɗaya. A cikin takardun doktar akwai waɗanda aka buga a mujallun nan gida da na Afirka, wata ƴar ajinmu ta ce wai duk irin waɗannan na bogi ne, biya kawai ake a buga. Ta yaya zan gane ta gaske da ta bogi?

Baban Sadiya:

Ƴar ajinku ta haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Mujallar gida daban, mujallar ƴan damfara daban. Ghana Medical Journal ta nan ce, Ƙungiyar Likitocin Ghana ke fitar da ita, tana PubMed, wato babban rumbun takardun likitanci na intanet, ana tantance takardunta, kuma likitan da ke asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu zai fi saurin cin karo da ita. Na bogin kuwa ba su da ƙasa, da yawa ma sunan Amurka ko Turai ko "na duniya" suke liƙawa a goshi, su ne masu turo saƙon imel suna kiranki farfesa alhali ko digiri na biyu ba ki gama ba, su ce ki turo takarda za a buga cikin mako guda. Tantancewar gaske wata da watanni take ɗauka, kuma sai an dawo miki da gyara mai zafi.

Ki ɗauki sunan mujallar daidai harafi da harafi, dan suna kwaikwayon sunan na gaske su canza kalma ɗaya, ki neme shi a jerin mujallun PubMed, da jerin Scopus wanda dubawa kyauta ne, da jerin DOAJ in mujalla ce da kowa ke karantawa kyauta, na Afirka kuma ki leƙa AJOL, shafin da ke tara mujallun Afirka. In wata ta rubuta a shafinta cewa tana Scopus kar ki yarda da bakinta, ki je can ki gani da idonki, kuma Scopus ɗin ma yakan cire mujallar da ta lalace, dan haka ki duba shekarar da aka buga takardar. Akwai jerin da wani ma'aikacin laburare a Colorado, Jeffrey Beall, yake yi na waɗanda ake zargi, ya rufe shi a farkon 2017, kwafin da ke yawo yanzu tsoho ne, ki ɗauke shi a matsayin alama kawai. Kasancewa a Google Scholar kuwa ba shaidar komai ba ce, Abu ya riga ya ba ki labari.

Sannan wa ya ce dole ɗaya? Yawancin sassa suna yarda da malami biyu, babba da mataimaki. Ki tambayi mai kula da karatun gaba da digiri a sashenku ko za a sa doktar ta zama ita ke riƙe da aikin, farfesan ya shigo ta ɓangaren lissafi da tsara samfuri, kinga maganar Ɗan Nima ma ta samu wuri. Amma ki fara zuwa wurinta kafin ki je wurinsa, kar ta ji a bakin wani.

Kafin ki je ki karanta takardunta biyu daga farko har ƙarshe, ki kuma nemo aikin da aka yi a Kintampo aka buga a 2009, inda suka gwada ma'aunan damuwa uku a kan masu jego, na Edinburgh mai tambaya 10 da SRQ-20 da PHQ-9, suka ga PHQ-9 ya fi dacewa a can. Da Twi aka yi wancan, ke kuma matanki Hausa za su amsa miki, Hausar zango ma ba ta Kano ba, wasu kuma Dagbani ko Mosanci ne a bakinsu, to tambayar farko da za ta yi miki ita ce da wane harshe za ki yi tambayoyin kuma wa zai tabbatar fassarar ta tsaya daidai. Ki tafi da amsarki a rubuce a shafi ɗaya. Kuma ki tambaye ta tun ranar wane kwamitin ɗa'a za ki nemi izini, na jami'a ko na Hukumar Lafiya ta Ghana ko duka biyun tunda a asibitin gwamnati za ki samu matan, dan wannan izinin kan ci watanni kuma ba a fara tambayar kowa sai ya fito.